Marainiyar Ƙofa ta Huɗu

Layi arba'in da ɗaya ne a takardar, Auta ta cike arba'in. Ɗayan da ya rage shi ya hana ta sakat mako biyu cur, kuma shi ya tsaya tsakaninta da hutun kwana biyar da ta nema don ta raka mahaifiyarta aikin ido.

Ta haura shekara arba'in, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yau Auta ake ce mata a gida. Tun ranar da yayanta ya zo nemanta ofis ya ƙwala mata kira daga bakin ƙofa, sunan ya manne mata a wurin aiki ma. Kamfaninsu intanet yake sayar wa makarantu da ofisoshi da ma'aikatu. Ita aikinta a bene na biyu yake, cikin wani ɗaki marar taga da suke kira firij, inda injina ke jere a akwatunan ƙarfe suna huci ba hutawa. Kowane inji yana da ƙofofi a bayansa, ramukan da ake soka waya. Duk abin da mutum ya tura ko ya karɓa, saƙo ne ko hoto ko kira, a yayyanke yake wucewa ta waɗannan ƙofofi, fakiti bayan fakiti, dubbai kafin ka ƙifta ido.

A bakin kowace ƙofa ana iya rataya 'yar ƙaramar manhaja, can cikin kanel, wato ƙuryar tsarin da ke tuƙa injin. Aikin maigadi take yi: ta duba kowane fakiti, ta ce wannan ya wuce, wannan a zubar, wancan a karkata shi wata hanya. Abin haushin, kanel ba ruwansa da wanda ya rataya ta. Lamba kawai yake ba ta. Mai ita zai iya barin aiki, ya yi aure, ya tara iyali, ya mutu ma, tana nan a rataye tana ta aikinta. Su kuma mutanen firij shekara da shekaru mabuɗin shiga ɗaya kowa ke amfani da shi, saboda haka in ka tambayi injin wa ya yi wannan, amsarsa ɗaya ce, mai babban mabuɗi. To ai duk su ne masu babban mabuɗin.

Sabon manaja ne ya zo ya ce wannan rayuwa ta ƙare. Ya kawo wata babbar manhaja mai jera ƙananan a layi a kowace ƙofa, wace ce gaba, wace ce baya, kowace da sunan mai ita a rubuce. Ya sa ranar Alhamis ƙarfe sha biyu na rana a matsayin lokacin ƙaura, ya ce yana son kowa ido buɗe. Ya kafa doka biyu: duk manhajar da ba ta da mai ita za a sauke ta, kuma duk mai manhaja sai ya tsaya a ɗakin har a ga tasa ta hau lafiya. Dokar ba ta da laifi ko kaɗan, abin da ya sa ake jin haushinta ke nan.

Alhamis ɗin nan ƙarfe sha biyu ita ce ranar da likita ya ba Umma. Don haka Auta ta yi wata guda tana miƙa nata manhajojin, sha tara, ga Dogo, abokin aikinta na shekara tara, ɗaya bayan ɗaya da bayanin kowace. Sauran ta bi masu su ofis-ofis tana roƙo kamar mai neman ƙuri'a. Waɗanda ba a san masu su ba, marayu ake ce musu a firij. Ta fara da marayu sha ɗaya, ta samo wa goma iyaye. Saura lamba ɗari biyu da sha bakwai, a ƙofa ta huɗu ta tsohon injin da ke kusurwa. Sunanta gwaji2.

"Ki sa hannu a sauke ta ki tafi abinki," in ji Dogo ranar Laraba da yamma. Yana tsaye a bayanta ya rankwafo, hular ulu ta rufe masa kunnuwa, da kofin shayin da ya riga ya huce. "Wa bai taɓa sa wa abu suna gwaji ba? Ni kaina ina da gwaji har na bakwai."

"Naka suna motsi?"

"A'a, nawa duk sun mutu, Allah ya ji ƙansu."

"To wannan tana numfashi. Duba."

Ta nuna masa ƙirgen da ke jikin manhajar. Kowane minti biyar lambar sai ta ƙaru da ɗaya. Fakiti ɗaya tak take taɓawa a cikin miliyoyi, ta canza masa lamba biyu, ta sake shi ya wuce. Adireshin da yake fitowa babu shi a rajista ko ɗaya. Abin da kanel ke iya nuna mata na cikin manhajar yaren inji ne tsagwaronsa, babu kalma ɗaya ta ɗan Adam. Kwanan watan da ke jiki kuma na ranar da aka sake kunna injin bara ne, don wani ya bar umarni cewa duk sanda aka kunna a sake rataya ta. Ba tare da ainihin rubutun da aka gina ta da shi ba, babu yadda za a yi ta shiga sabon layi.

"Wanda ya yi wannan ba shi da tarbiyya," in ji ta, tana murza idanu. "Ba suna, ba bayani, ba komai. Ya rataya ya kama gabansa, ya bar wa 'yar wani wahala. Wallahi da zan gan shi da na wanke shi tas."

"Wataƙila ma ya mutu kina ta zaginsa."

"To ya tashi ya zo ya sa hannu."

Dogo ya yi dariya har shayin ya zuba a yatsunsa. Ita ba ta yi ba, ta gaji da yawa. Bege ɗaya ya rage mata. Akwai wani tsohon faifai a sito wanda a da suke zuba rubuce-rubucensu, amma mai sito ya yi tafiya da makullin, sai gobe da safe zai dawo.

"Zan leƙo ƙarfe tara," in ji ta. "In duba faifan, in sa hannu, goma da rabi na fita."

Dogo ya dube ta ta saman kofi.

Daga ofis gidan Umma ta wuce kafin rana ta faɗi. Ta same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta jera kwalaben maganin ɗigawa uku a kan faranti tana gane su da lalube, wannan mai dogon wuya, wannan mai roba a ɗaure. Yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagun ma inuwa-inuwa yake gani. Yaya, babban ɗanta, direban motar ɗaukar kaya, yana zaune a kan kujera yana duba takardun asibiti.

"Wa ke nan? Auta ce?" in ji Umma. "Miƙo hannu." Ta kama, ta yi tsaki. "Ita ce. Sanyi kamar an ciro shi daga randa."

Auta ta zauna ta ɗiga mata maganin yamma. Umma ta rufe ido, ruwan ya gangaro ta gefen hanci.

"Ni fa ba yankan nake tsoro ba," in ji ta. "An ce ba a jin komai. Tafiyar nan ce daga benci zuwa ƙofar ɗakin, a cire maka tabarau, a cire maka takalmi, ba ka ganin gabanka. Ita nake ta tunani. Ke nake so ki riƙe ni zuwa ƙofar. Yayanki jan mutum yake yi kamar buhu."

"Ni zan riƙe ki, Umma."

"Ƙarfe nawa za ki zo mu tafi?" in ji Yaya.

"Ku yi gaba, zan same ku can sha ɗaya. Akwai wata takarda da zan sa wa hannu da safe."

Yaya ya ajiye takardun a gwiwarsa. "Kar ki je ofis ɗin nan gobe, Auta."

"Sa hannu ne kawai, Yaya."

"Na san sa hannunki. Na san *ina zuwa* ɗinki kuma."

"Kai dai ba ka da bakin alheri," in ji Umma. "Bar min 'ya."

Yaya ya koma kan takardun, amma maganar ta riga ta fita ta zauna a tsakar gidan. Shekara shida ke nan. Ranar Baba yana asibiti, jikin ya rikice da yamma, Yaya ya kira ta sau huɗu. Sau huɗu tana cewa ina zuwa, minti goma. Da ta iso an riga an ja masa mayafi. Ta san aiki ne ya riƙe ta, amma wane aiki, ba ta taɓa iya tunawa ba, kuma ba ta taɓa so ta tuna ba. Ta yi mako biyu ba ta je ofis ba, da ta koma ta tarar da wasu matsalolin suna jiranta, ta shiga cikinsu. Umma ba ta taɓa yi mata maganar ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi yi mata ciwo a kan gorin Yaya.

Ranar Alhamis ƙarfe tara tana ofis da jakarta a kafaɗa, ko ajiyewa ba ta yi ba, don kar zama ya kama ta. Mai sito bai iso ba sai tara da rabi, ya tsaya gaisawa da kowa tun daga maigadi, sannan ya shiga neman makulli a aljihu bakwai. Faifan yana ƙasan wani kwali na matattun wayoyi. Ta goge shi da gefen mayafi, ta haɗa, ta nemi gwaji2.

Yana nan. Layi talatin da ɗaya kacal. A can sama akwai bayani na layi biyu, irin wanda mutum ke bar wa kansa:

*na'urorin tashar ruwa suna rubuta kan fakiti ba daidai ba, sabon inji yana zubar da su. wannan na wucin gadi ne, gobe zan gyara in sa a rajista.*

Ta karanta sau biyu. Babu babban baƙi ko ɗaya, haka take rubutu in tana sauri, Dogo ya sha yi mata tsiya a kai. Ta kai ido kan kwanan watan. Ranar ce. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma. Takardar asibitin Baba ta ce huɗu da rabi.

Jakar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ƙasa. Sai komai ya dawo mata a lokaci ɗaya: wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, muryar Yaya a ɗaya layin, a ɗayan kuma mutumin tashar tura ruwa yana cewa tun safe ɗakin kulawa ba ya ganin ma'aunin tankuna, famfunan sun kashe kansu, unguwa uku babu ɗigon ruwa. Ta tuna yadda ta ji daɗi da ƙirgen ya motsa. Ta ji daɗi, har ta buga tebur. Mako biyu tana zagin marar tarbiyya, ashe da bakinta take zagin kanta. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da wata irin gajiya.

Agogon bango ya ce goma saura biyar. Takardar tana gefenta, layi na arba'in da ɗaya a buɗe. Kalma biyu ce, *a sauke*, da sa hannu. Ba wanda ya ga faifan sai ita. Tankunan za su ɗauki mutane har yamma, kafin wani ya gane daga ina matsalar take tana can kusa da Umma da waya a kashe. Su Dogo za su sha wahala kwana ɗaya ko biyu, su gano, su gyara, su zagi marar tarbiyya, shi ke nan. Ta ɗauki biro. Ta yi tunanin mata a bakin famfo da bokitai a jere, da makarantar da ke bayan tashar mai ɗalibai ɗari takwas da banɗaki shida. Ta ji haushinsu duka, ɗaya bayan ɗaya, don ba ta san su ba kuma sun hana ta tafiya.

A gurbin mai ita ta rubuta sunanta.

Manaja yana tsaye a firij da rigar sanyi a kan kwat yana duba jerin. Ya saurare ta har ƙarshe, mutum ne mai saurare, ba za a ɗauke masa wannan ba.

"To madalla, an samu mai ita," in ji shi. "Amma kin san doka, Injiniya. Mai ita yana tsayawa."

"Yallaɓai, ƙarfe sha biyu za a shiga da mahaifiyata."

"Na sani, ni na sa hannu a takardar hutun. Amma in na ɗaga wa mutum ɗaya yau..."

"A sa sunana," in ji Dogo daga bayan akwatunan. Ya fito yana sunkuyar da kai don kar ya bugi tiren wayoyi. "Na riƙe mata sha tara, ta ashirin ba za ta karya ni ba." Ya dubi Auta, ya ga fuskarta, ya fasa tsiyar da ya shirya ta marar tarbiyya.

Manaja ya yi ɗan tunani. "Na yarda. Ta gina ta a sabon tsari, ta rubuta bayani, mu ga ƙirgen ya motsa sau ɗaya a layin gwaji. Daga nan ta tafi."

"Minti goma ne," in ji Auta. Ta ji abin da ta faɗa bayan ya fita daga bakinta.

Ba minti goma ba ne, bai taɓa zama minti goma ba. A cikin kanel akwai mai tantancewa, wanda ba ya barin a rataya manhaja sai ya tabbatar ba za ta leƙa inda ba a aike ta ba. Na shekara shida da suka wuce ya bar ta ta wuce. Na yanzu ya fi shi taurin kai, ya ce ba ta nuna masa ta auna tsawon fakitin kafin ta taɓa shi ba. Ta ƙara layi. Ya ƙi. Ta sake. Ya ƙi, ya zubo mata shafi uku na ƙorafi. Yatsunta sun daskare, tana buga baƙi ɗaya biyu na fitowa.

Goma da minti arba'in wayar ta yi ƙara. Yaya.

"Mun iso, an ba mu lamba ta uku. Kina ina?"

Kalmomin nan biyu, *ina zuwa*, suka zo har bakinta, ta haɗiye su. "Na kusa tasowa, Yaya."

Ta ji hayaniyar asibitin a bayansa, sannan ya kashe.

Mai tantancewa ya amince a karo na huɗu, sha ɗaya da minti biyar. Suka rataya ta a layin gwaji, suka tsaya jiran fakitin. Ba a kiransa, ba a hanzarta shi, sai minti biyar ɗinsa sun cika. Dogo ya ce ta tafi, zai kira ta. Ta ce bari dai ta ga wannan ɗayan. Su uku suka zuba wa lamba ɗaya ido kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Lokacin ya yi, ya wuce. Lambar ba ta motsa ba.

"Wa ke gabanta a layi?" in ji Auta.

Dogo ya duba. "Matatar 'yan tsaro."

"To ita ce. Tana ganin fakitin a karkace take zubar da shi kafin ya iso gare mu. Dole tamu ta shiga gaba."

Manaja ya ce ba a shiga gaban matatar tsaro sai da yardar shugaban tsaro. Shugaban tsaro yana bene na ɗaya yana waya. Aka sauka, aka jira ya gama, aka yi masa bayani tun daga farko, ya tambayi wa ya yi wannan aikin haka ba rajista, Auta ta ce ni ce, ya ce ke? Ta ce ni. Ya sa hannu yana girgiza kai.

Tana hawa bene wayar ta sake ƙara. Lambar Yaya ce, amma muryar Umma.

"Auta, an kira ni na ce a shiga da ta bayana. Kina zuwa ko?"

"Ina zuwa, Umma."

"To. Ina nan a benci."

Ta ƙarasa hawa benen. A firij ta canza layin, kuma a cikin minti biyar na jira ta rubuta wa Dogo bayanin da ta ce za ta rubuta gobe shekara shida da suka wuce: abin da manhajar ke yi, don wa, me zai faru in an sauke ta, lambar mutumin tashar ruwa. Bai fi layi bakwai ba. Minti huɗu ya ɗauke ta. Ta dubi layukan bakwai ta ji kamar ta kifa kai a tebur.

Sha biyu saura kwata lambar ta ƙaru da ɗaya. Manaja ya ce madalla. Dogo ya ɗauko jakarta daga ƙasa ya rataya mata, ya tura ta waje da hannu biyu.

Daga ofis zuwa asibitin ido minti ashirin da biyar ne in hanya ta yi kyau, kuma hanya ba ta yin kyau da rana tsaka. Wata babbar mota ta mutu a kan gada, an koma layi ɗaya. Mai tasin da ta hau ya yi ta ba ta labarin yadda hanyar take a da, tana cewa uhm. Ta kira Yaya sau biyu bai ɗauka ba. Daga shataletalen ƙarshe ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, tana gudu-gudu, numfashinta na fita da ƙyar.

Sha biyu da minti ashirin da biyar ta shiga barandar. Benci ne dogo, tsofaffi a jere, wasu da bandeji a ido ɗaya, wasu suna jiran nasu. Yaya yana can ƙarshe shi kaɗai. A cinyarsa akwai tabarau mai kauri da takalman roba ruwan ƙasa, waɗanda dunduniyar hagu ta cinye gefe ɗaya.

Ba ta tambaya ba. Shi ma bai ɗago ba.

"Mutum biyu ta bari suka wuce ta," in ji shi. "A na uku nas ta ce in ba ta shiga ba sai wani watan. Ni na kai ta ƙofa." Ya juya tabaran a hannu. "Ta ce ina jan ta."

Ya miƙo mata takalman da tabaran. "Ta ce a ba ki ki riƙe. Ta ce kina hanya."

Auta ta zauna ta rungume su a ƙirji. Ta so Yaya ya yi faɗa, ya tara mata mutane, ya faɗi duk abin da ke bakinsa tun shekara shida. Bai yi ba. Ya zaro ruwan roba daga aljihun riga ya ajiye mata a gefe, ya ci gaba da kallon ƙofar. Wayarta ta yi motsi a jaka. Dogo ne: *Ta hau lafiya, ƙirge na tafiya. Na canza mata suna zuwa tashar_ruwa.* Ta karanta, ba ta ji komai ba, ta mayar da wayar.

Bayan minti arba'in ƙofar ta buɗe. Nas ta fito riƙe da gwiwar hannun Umma, an rufe idon dama da farin bandeji da wata 'yar roba, na hagun yana ta ƙifce-ƙifce cikin hasken baranda ba ya kama komai. Ba takalmi a ƙafarta. Ta yi ƙanƙanta a cikin rigar asibitin, Auta ba ta taɓa lura ta ƙanƙance haka ba. Tana tafe tana miƙa hannu ɗaya gaba tana lalube.

Auta ta tashi ta sa hannunta a cikin nata. Umma ta tsaya. Ta murza yatsun, ta juya tafin, ta sake murzawa.

"Wannan da ɗumi," in ji ta. "Wa ke nan?"

"Ni ce, Umma. Gudu na yi."

"Auta?"

"Na makara, Umma."

Umma ba ta ce *ba komai* ba, ba ta ce *ai kin zo* ba. Ta riƙe hannun gam.

"Kin makara," in ji ta. "Na ji tsoro ƙwarai." Ta ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan daga kan siminti. "Ƙasan nan da sanyi. Sa min takalmina."

Auta ta durƙusa a tsakiyar baranda, mutane suna ratsa ta gefenta. Ta kama dunduniyar Umma ta sa na hagun, sannan na daman, Umma ta dafa kanta don kar ta faɗi.